Tarihin Ƙirƙirar Ruɓewar Haƙori a Ɗakin Gwaje-gwaje da Hanyoyin Auna Ta

Ruɓewar haƙori cuta ce mai jan lokaci. Daga ranar da asid ya soma cin ɓawon haƙori zuwa ranar da kogo zai buɗe har mai shi ya ji zafi, ana iya ɗaukar shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa mutane wajen biliyan 2 ne ke yawo da ruɓewar da ba a yi wa magani ba a haƙoransu na girma, ga kuma yara miliyan 514 masu ita a haƙoran yarinta. Mai binciken da ke son sanin ko wani man goge baki yana hana cutar ba zai zauna jiran shekaru a kan kowane gwaji ba, kuma ba shi da damar cire haƙorin mai rai ya yanka don ganin cikinsa. Wannan ya sa masana suka koma ga haƙoran da aka riga aka cire, suna haddasa musu ruɓewa da gangan cikin kwanaki ko makonni, sannan su auna yawan ɓarnar. Narkar da haƙori bai taɓa zama abu mai wuya ba. Abin da ya ci wa masana kusan shekara ɗari shi ne samar da ɓarnar da ta yi kama da wadda ke faruwa a baki, da kuma samun ma'aunin da zai tabbatar da kamannin.

Haƙori yana da ɓawo fari mai tauri da likitoci ke kira inamel, wanda kaurinsa kan kai milimita 2.5 a kan matauna. Kusan kashi 96 cikin ɗari na nauyinsa ma'adinai ne, wato kalsiyam da fosfet da suka haɗu cikin ƙwayoyin gishiri masu suna haidiroksi'afatait. A ƙarƙashinsa akwai dentin, mai ɗan taushi, wanda ma'adinansa ba su wuce kashi 70 ba, sauran kuwa zaren furotin ne da ruwa. Duk abin da za a faɗa a gaba ya danganci ficewar waɗannan ma'adinai daga haƙori da kuma komowarsu.

Zamanin tsutsa

Daɗaɗɗen bayanin da aka sani shi ne na tsutsa. Akwai wani allon yumɓu na ƙasar Babila, a Iraƙi ta yau, mai shekara fiye da 2,500, da ke ɗauke da addu'ar ciwon haƙori. An ce, a tatsuniyar da ke jikin allon, tsutsa ta je tana kuka gaban gumakan mutanen wurin tana neman abinci, aka ba ta nunannen ɓaure ta ƙi, ta nemi a zaunar da ita tsakanin haƙora da dasashi. Labarin almara ne, amma imanin da ya haifar ya yi tsawon rai. Likitan Rum Scribonius Largus, a ƙarni na 1 Miladiyya, ya ba da shawarar a turara baki da hayaƙin irin wani tsiro don korar tsutsar, kuma har yau a ƙasar Hausa akan ji an ce tsutsa ta cinye wa yaro haƙori. Babu wani bincike da ya taɓa gano wannan tsutsa.

Tarihin da ke rubuce ya ɗauki wata hanya a 1683. A watan Satumba na shekarar, Antonie van Leeuwenhoek na garin Delft a Holan ya aika wa ƙungiyar masana ta Landan wasiƙa yana bayyana ƙananan halittu masu motsi da ya gani da madubinsa a cikin dauɗar da ya kankaro daga haƙoransa. Bai danganta su da ruɓewa ba. A 1728 Pierre Fauchard na Faransa, wanda ake ɗauka uban likitancin haƙori na zamani, ya nuna shakkarsa a fili game da batun tsutsa. Amma rushe tsohon bayani daban, kawo sabo daban, kuma an ƙara fiye da ƙarni guda ana gardama ko ruɓewar daga cikin haƙori take tasowa ko daga waje.

Daga 1867 zuwa 1890: haƙori a cikin kwalba

Wanda ya fara kai gardamar teburin gwaji da gaske shi ne Émile Magitot, likita a birnin Faris. A littafinsa na 1867 ya bayyana yadda ya jiƙa haƙoran da aka cire a cikin ruwan sukari da ya bari ya yi tsami, da kuma cikin ruwan asid iri-iri, ya bar su tsawon watanni, ya ga sun cinye. Hujjar tana da ƙarfi: haƙorin da ba shi da jijiya, ba shi da jini, ya lalace, don haka ba dole ne ɓarnar ta taso daga ciki ba. A shekarar dai, Leber da Rottenstein a Jamus suka ba da rahoton ganin ƙwayoyin halitta a cikin ƙananan bututun dentin da ya ruɓe. Aka sami ɓangare biyu, masu cewa asid ne da masu cewa ƙwayoyin cuta ne.

Willoughby Dayton Miller ne ya haɗa su. Ba'amurke ne, haifaffen jihar Ohayo a 1853, wanda ya zauna a Barlin lokacin da Robert Koch ke kafa ilimin bakteriya a can, kuma ya koyi dabarun Koch. Gwajinsa ba shi da wani tsada. Yakan gauraya yawun mutum da burodi ko sukari, ya jefa gutsattsarin haƙori a ciki, ya ajiye a ɗumin jikin mutum, wato digiri 37, yana sabunta haɗin lokaci zuwa lokaci. Haɗin yakan yi tsami, haƙorin ya yi laushi. Idan kuwa ya tafasa yawun tukuna ya kashe ƙwayoyin da ke ciki, tsamin ba ya samuwa. Da nama a madadin burodi ma bai sami irin wannan tsami ba. Daga nan ya kafa ra'ayinsa a littafin da ya fito da Jamusanci a 1889, da Ingilishi a 1890: bakteriyar baki na cin sitaci da sukari su fitar da asid, musamman asid ɗin laktik, asid ya narkar da ma'adinai, sannan ƙwayoyin su ci ragowar furotin da ya yi laushi. Miller ya ce a ƙarƙashin madubin likita da wuya a bambance dentin da ya ruɓar a kwalba da wanda ya ruɓe a baki. A kan dentin yana da gaskiya ƙwarai. A kan ɓawon waje, wurin da cutar ke farawa, kayan aikin zamaninsa ba su isa su nuna masa inda ya saɓa ba.

Daga 1897 zuwa 1944: dauɗa da ma'aunin tsami

Akwai tambayar da ra'ayin Miller bai amsa ba. In asid yana yawo ne cikin yawu, me ya sa ruɓewa ke zaɓen wurare, kamar ramukan matauna da tsakanin haƙora, ta bar sauran? A 1897 da 1898 J. Leon Williams da G. V. Black suka ja hankali ga dauɗar nan mai yauƙi da ke manne wa haƙori. A ƙarƙashinta asid ke taruwa, inda yawu ba ya saurin wankewa. A 1924 J. Kilian Clarke a Landan ya ware wata bakteriya daga haƙoran da suka fara ruɓewa ya sa mata suna Streptococcus mutans, amma aka yi watsi da aikin nasa kusan shekara 35.

Abin da ya ba binciken lissafi shi ne ma'aunin tsami na pH, wanda Sørensen ya ƙirƙiro a Kofanhagan a 1909. A wannan ma'auni 7 ne tsaka-tsaki, kuma duk saukar lamba ɗaya na nufin tsami ya ninka sau goma. A 1940 da 1944 Robert Stephan a Amurka ya sa ɗan siririn ma'auni a cikin dauɗar haƙoran mutane, ya ba su ruwan sukarin gulukos su kurkure baki. Cikin 'yan mintoci tsamin ya faɗo daga kusan 7 zuwa wajen 5 ko ƙasa da haka, sannan ya hau a hankali, ya ɗauki rabin sa'a zuwa sa'a guda kafin ya koma daidai. A shekarun da suka biyo baya aka tsayar da cewa wajen 5.5 ne iyakar da ɓawon haƙori ke soma narkewa. Sakamakon Stephan yana ɗauke da wani darasi da masu gwajin kwalba suka daɗe ba su yi aiki da shi ba: a baki asid zuwa yake yi ya tafi, sau da yawa a yini, ba zama yake yi dindindin ba.

Daga 1945 zuwa 1960: mutane, ɓeraye da bakin kwaikwayo

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an gwada abin a kan mutane kai tsaye. A asibitin masu taɓin hankali na Vipeholm, kusa da Lund a ƙasar Suwidin, tsakanin 1945 da 1953, an riƙa ba majinyata zaƙi ta siga daban-daban, har wasu suna shan alewar tofi mai danƙo guda 24 a rana tsakanin abinci. Rahoton 1954, wanda ya shafi mutum 436, ya nuna cewa yawan sawun da ake shan zaƙi da yadda yake liƙe wa haƙori sun fi jimillar sukarin illa. Ilimi ya ƙaru, amma an lalata haƙoran mutanen da ba su da ikon cewa e ko a'a, kuma babu kwamitin ɗa'a da zai amince da irin wannan a yau. Vipeholm na daga cikin dalilan da suka sa hanyoyin ɗakin gwaji suka zama dole.

Dabbobi sun cike wani giɓi. A 1950 Kite da Shaw da Sognnaes a Harvard suka nuna cewa ɓeran da ake ɗura wa abinci ta bututu kai tsaye zuwa ciki ba ya samun ruɓewa, ko da abincin cike yake da sukari. A 1954 Frank Orland da abokan aikinsa suka reni ɓeraye a keɓe, babu ƙwayar bakteriya ko ɗaya a jikinsu, suka ciyar da su sukari, haƙoransu suka tsira. A 1960 Paul Keyes da Robert Fitzgerald suka nuna a jikin hamsta, wata dabba dangin ɓera, cewa ana iya ɗaukar cutar daga wata dabba zuwa wata ta hanyar bakteriya.

A daidai wannan zamani, a 1952, Ward Pigman da abokansa a Jami'ar Alabama suka ƙera abin da suka kira bakin kwaikwayo: akwatin gilashi mai ɗumi da ake kafa haƙori a ciki, ruwan abincin bakteriya yana ɗiga a kansa a hankali, dauɗa tana girma. Tunanin Miller ne aka inganta, aka sa ruwan yana gudana maimakon ya tsaya.

Daga shekarun 1930 zuwa 1974: ɓarnar da ke ɓoye a ƙasa

A gefe guda wata matsala ta daban tana ta girma, kuma ita ce zuciyar wannan tarihi. Tun a shekarun 1930 Applebaum a New York da Thewlis a Ingila suka ɗauki hoton siraran yankan haƙori da hasken eksire mai rauni, suka ga abin da ba a zata ba. A farkon ruɓewa, lokacin da ido ba ya ganin komai sai farin tabo, fatar ɓawon ta waje tana nan kusan lafiya, da kaurin maikuromita 'yan gomomi (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Ma'adinan da suka ɓace daga ƙarƙashinta suka ɓace. Kamar yadda gara ke cinye cikin azara ta bar bayanta, haka asid ke yi wa ɓawon haƙori, kuma kogon da ake gani daga baya rufin ne ya rufta. Haƙorin da aka jefa cikin tsagwaron asid ba haka yake yi ba. Zaizayewa yake yi daga waje, shafi bayan shafi, irin abin da lemon kwalba da yawan tsami ke yi. Ashe yawancin abin da ake samarwa a kwalba zaizaya ce, ba ruɓewa ba.

Kafin a kwaikwayi abu sai an san siffarsa. Arthur Darling a Bristol ta Ingila, a 1956, da Gustafson a Suwidin, a 1957, sun yi amfani da madubin likita mai tace haske ta fuska ɗaya, suna jiƙa yankan haƙori a ruwaye masu girman ƙwaya daban-daban don gane faɗin ƙofofin da asid ya huda. Leon Silverstone, wanda ya fito daga makarantar Bristol, shi ya daidaita bayanin zuwa sassa huɗu. Lafiyayyen ɓawo ƙofofinsa ba su wuce kashi 0.1 cikin ɗari na girmansa ba. A can gaba, inda ɓarnar ke kutsawa, akwai sashe mai haske da ƙofofinsa suka kai kashi 1. Bayansa sashe mai duhu, kashi 2 zuwa 4. Sai gangar jikin tabon, inda ƙofofi suka fara daga kashi 5 har su kai 25 ko fiye. A sama duka kuma ga fatar waje da ta tsira. Daga nan aka sami abin gwada gaskiya: duk ruɓewar kwaikwayon da ba ta nuna waɗannan sassa ba, ba ta cika ba.

A tsakiyar shekarun 1960 Silverstone ya yaɗa dabarar da ta ba da su. Ya zuba asid ɗin laktik a cikin jelatin mai kauri, ya daidaita tsamin tsakanin 4 da 5, ya nutsar da haƙora a ciki na makonni, wani lokaci watanni. Kaurin jelatin yana rage gudun asid zuwa haƙori, yana kuma hana kalsiyam da fosfet da suka narke su watse, sai su taru a bakin haƙorin wasu su sake zama a fatarsa. Aikin da dauɗa ke yi a baki ke nan. John Gray na kamfanin Procter & Gamble ya bi irin wannan hanya da wani sinadarin mai kauri da aka samo daga selulos. Jelatin yana da aibi guda: daga fata da ƙashin dabba ake yin sa, kowane buhu da irin ƙazantar ma'adinansa, har da fuloraid, don haka sakamakon wani ɗakin gwaji ba ya yin daidai da na wani. A 1974 Moreno da Zahradnik a cibiyar Forsyth ta Boston suka nuna cewa ba sai da kauri ba. Idan aka sa wa ruwan asid ɗan kalsiyam da fosfet tun farko, gwargwadon da ya kusa ƙosar da shi amma bai ƙosar ba, narkewar takan faru a ƙasa ta bar fata. Da wannan aka mayar da aikin lissafin kimiyyar haɗa sinadarai, wanda kowa zai iya maimaitawa.

Yadda ake shirya haƙorin kansa bai canja sosai ba tun lokacin. Ana tara haƙoran da likitoci suka cire, ko haƙoran gaba na shanu daga mayanka, a ajiye su cikin ruwa mai ɗan taimol don kada su ruɓe da kansu. A yanka su gunduwa-gunduwa, milimita 3 ko 4 kowane gefe, a goge fuskar da samfefa mai laushi har ta yi sumul. Sannan a shafe ko'ina da jan farce, irin wanda mata ke sawa, a bar 'yar taga guda a buɗe. Asid ta tagar kaɗai zai shiga, wurin da aka rufe kuma ya zama lafiyayyen maƙwabci da za a kwatanta da shi. Haƙorin saniya ya fi samuwa, ya fi faɗi, amma ya fi na mutum ƙofofi. Featherstone da Mellberg sun auna a 1981 cewa ɓarna tana tafiya a cikinsa kusan ninki uku.

1963: ma'aunin da ya zama alƙali

Gani da madubi yana nuna siffa, ba ya faɗin adadi. Hanyar farko ta samun lamba ita ce gwada tauri. A 1939 Frederick Knoop na hukumar ma'aunai ta Amurka ya ƙera wani tsinin daimon mai siffar dogon lu'ulu'u, wanda ake danna shi a kan abu da nauyi sananne, a aikin haƙori galibi giram 25 zuwa 100, a auna tsawon shaidar da ya bari. Lafiyayyen ɓawo yana ba da lamba wajen 340, dentin wajen 70. Da ɓawo ya yi laushi sai shaidar ta ƙara tsawo. Hanyar tana da arha, tana kuma kama ɓarna tun tana sabuwa, amma fatar da ta tsira tana iya ruɗin ta. Shi ya sa daga baya aka koma tsaga haƙorin biyu ana jera danni daga waje zuwa ciki, kuma a 1983 Featherstone da ten Cate da Arends da wani abokin aikinsu suka fitar da lissafin da ke juya waɗannan lambobi zuwa yawan ma'adinai.

Ma'aunin da ake gwada sauran da shi har yau ya fito ne daga Sitokhom a 1963, a hannun Angmar da Carlström da Glas. Ana yanko siririn yanki ta tsakiyar tabon, a goge shi har kaurinsa ya dawo kusan maikuromita 100, fuskokinsa biyu a miƙe daidai wa daida. A ɗora shi a kan fim mai kama hoto filla-filla, a gefensa a sa wani ɗan tsani na alminiyam mai hawa-hawa wanda aka san kaurin kowane hawansa, a haska su tare da eksire. Inda ma'adinai suka yi yawa haske ba ya ratsawa, inda suka ragu yana wucewa ya baƙanta fim. Ta kwatanta duhun kowane ɗigo na haƙorin da duhun hawan tsanin, ana lissafa kashi nawa na ma'adinai ya rage a kowane zurfi. A lafiyayyen ɓawo ana ɗaukar kashi 87 bisa girma. Zanen da ke fitowa yakan tashi sama a fatar waje, ya faɗa ƙasa a gangar jikin tabon, ya sake hawa zuwa 87. Daga shi ake ciro lambobi biyu, zurfin tabo da jimillar ma'adinan da suka ɓace. Masanan Groningen a Holan, irin su Arends da ten Bosch da de Josselin de Jong, su suka haɗa hanyar da kwamfuta a shekarun 1980. Aiki ne mai cin rai. Yankin da ya kai wannan sirantaka yana karyewa da ɗan kuskure, fatar da ake son aunawa ita ce ke fara ɓallewa, kuma haƙorin da aka yanka ya tashi daga aiki.

Daga 1961 zuwa 1988: ɓarna da gyara

Da aka sami abin awo, sai ta bayyana cewa ma'adinai suna komawa. A 1961 Koulourides da Cueto da Pigman suka nuna ɓawon da asid ya tausasa yana sake tauri a ruwa mai kalsiyam da fosfet. A 1966 Backer Dirks na Holan ya ba da rahoton fararen tabo 72 da ya gani a haƙoran yara 'yan shekara 8: da suka kai 15, guda 37 sun ɓace, 26 suna nan yadda suke, 9 kaɗai suka zama kogo. A 1970 von der Fehr da Löe da Theilade a Aarhus ta Denmak suka sa ɗaliban sa-kai su daina goge baki kwana 23, wasunsu suna kurkure baki da ruwan sukari mai ƙarfin kashi 50 sau 9 a rana. Fararen tabo suka fito, aka kuma mayar da su baya da goge baki da kurkurar fuloraid. Tun 1964 ma Koulourides da Volker sun samo hanya mafi sauƙi ga mai sa-kai: a dasa gutsuren ɓawo a jikin haƙoran roba, a rufe shi da ƙyallen raga mai tara dauɗa, mutum ya sa a baki na wasu kwanaki, a ciro a auna. Ɓarnar tana faruwa a baki na gaske, amma ba a haƙorin mai bakin ba.

Wannan fahimta ta koma ɗakin gwaji a 1982, lokacin da ten Cate da Duijsters a Holan suka fara jujjuya haƙori tsakanin ruwan asid da ruwan gyara kowace rana. Shekara 42 ke nan bayan Stephan. John Featherstone, ɗan New Zealand da ke aiki a Rochester ta Amurka, ya fitar da tsarinsa a 1986, wanda ya daidaita shi da irin tabon da ke fitowa cikin wata guda a gefen wayar gyaran jerin haƙora. Gutsuren yakan yi sa'a 6 a ruwan asid ɗin asetik mai tsamin kusan 4.3, a wanke shi, a tsoma shi na ɗan lokaci a damammen man goge bakin da ake gwadawa, sannan ya kwana wajen sa'a 17 a ruwa mai kama da yawu a kan 7. Haka za a yi ta yi kusan mako biyu. Cancantar tsarin ita ce yana bambance man da ba shi da fuloraid da mai kaɗan da mai yawa, a jere yadda gwajin asibiti ya nuna.

Irin waɗannan gwaje-gwaje sun sauya fahimtar fuloraid ɗin kansa. Tun da aka fara sa shi a ruwan famfo a Grand Rapids a 1945, an ɗauka amfaninsa shi ne shiga cikin haƙori lokacin da yake tsira ya ƙarfafa shi. A 1988 Bjørn Øgaard da abokansa a Oslo suka gwada wannan zato da haƙorin kifin shak, wanda ɓawonsa cike yake da fuloraid, kusan kashi 30,000 cikin miliyan. Suka dasa gutsattsarinsa a abin da masu sa-kai ke sawa a baki. Ya ruɓe, ko da yake bai kai na mutum ba, kuma ɓawon mutum da ake yi wa kurkurar fuloraid kullum ya fi shi tsira. Hukuncin da aka yanke shi ne ɗan fuloraid da ke cikin ruwan da ke kewaye da haƙori a lokacin da asid ya zo ya fi wanda ke daskare a ciki amfani.

Daga 1982 zuwa yau

Neman awo ba tare da yanka ba ya soma cin nasara a 1982, lokacin da Jim Elliott da Dover a Landan suka wallafa hoton farko na ƙaramar na'urar sikanin ta eksire, wadda ke zagaya abu ta gina hotonsa ciki da waje. Abin da suka fara ɗauka ɗan dodon koɗi ne. Yau da irin wannan na'ura ana auna tabo guda kafin magani da bayansa. A farkon shekarun 1980 kuma masana a Sitokhom suka lura cewa lafiyayyen haƙori yana mayar da wani haske idan aka haska shi da shuɗi, wurin da ya rasa ma'adinai kuwa ya fito da duhu. A 1995 aka mayar da wannan hanyar awo da kyamara da kwamfuta, har a bakin majinyaci. A 1998 kamfanin KaVo na Jamus ya fito da DIAGNOdent mai jan hasken leza, sai dai shi ya fi jin abin da bakteriya suka bari a cikin tabo, don haka ba ya yi wa ruɓewar da aka yi da tsagwaron sinadari adalci. Duk sabuwar na'ura, kafin a yarda da ita, da hoton eksire na 1963 ake gwada ta.

Ɓangaren bakteriya ma ya ci gaba. Peters da Wimpenny a Cardiff sun ƙera a 1988 wata na'ura mai wuƙa da ke share saman dauɗa don kaurinta ya tsaya wuri guda. Guggenheim a Zurich ya fitar a 2001 da tsarin haɗa nau'o'in ƙwayoyi kaɗan sanannu a faranti mai ramuka. Kowane zaɓi da kuɗinsa. Hanyar sinadari tana maimaituwa daidai amma ba ta iya gwada maganin kashe bakteriya. Hanyar dauɗa mai rai ta fi kusa da baki amma sakamakonta ba ya tsayawa wuri ɗaya, ga shi baki yana ɗauke da nau'o'in bakteriya ɗaruruwa. Dentin ya fi wahalar kwaikwayo, don bayan narkar da ma'adinai akwai cin zaren furotin, wanda asid shi kaɗai ba ya yi.

Hukumomi sun ba waɗannan hanyoyi matsayi mai iyaka. Dokar hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta 1995 ta yarda a tantance sabon man goge baki mai ɗauke da sanannen nau'in fuloraid ta gwajin dabba, haɗe da ɗaya daga gwaje-gwaje biyu na ɗakin gwaji: yawan fuloraid da ɓawo ya sha, ko raguwar narkewarsa a asid. Wannan sassauci ya tsaya ne ga sinadaran da aka riga aka tabbatar da amfaninsu a bakin mutane. Sabon sinadarin da ke iƙirarin hana ruɓewa, kome kyawun sakamakonsa a kan haƙorin saniya mai jan farce, sai ya bi ta gwajin asibiti, wanda yakan ɗauki shekara 2 zuwa 3.